Kada Thuzar Ta Kawo Mini Tanaka

Zuwa ga Yayata Khin Saw,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ladan shinkafar da Inna ke zuba wa sufaye kowace safiya ya tsare ku. Na ji ƙafarta ta yi sauƙi, na yi murna. Ni ma da sauƙi, in ban da bayan nan da keken ɗinki ya lanƙwasa.

Yaya, tun da direban da ke kwashe mana ƙyallaye ya miƙo mini saƙonki a ɓoye hankalina bai kwanta ba, har allura ta huda mini yatsa. Wai dillalin nan Tun Hla zai haye kogi da 'yarki Thuzar zuwa aiki nan Tailan bayan bikin ruwa na sabuwar shekara, har kin yanko mata iccen tanaka, na shafawa a fuska, ta kawo mini tsaraba? Haba Yaya! Daɗin bakin da ya yi miki, shi ya yi mini. Gani ya kori ji. Nan Mae Sot daga waje ake kulle mu, a ƙarƙashin teburin yanka muke kwana, takardunmu kuma suna hannun maigida, mai kamfanin ɗinkin.

Akwai wata Ohnmar, sa'ar Thuzar, kekenta na kusa da nawa. Kwanan baya ta shige cikin ƙyallaye, motar ta fita da ita, ta sa wando irin na 'yan garin. Amma kafin ta fita ta shafa tanaka a kumatu, rawaya sosai, kamar yadda ake yi a ƙasarmu kullum. Tun daga nesa yaran maigida suka gane ta a tasha, don wace 'yar Tailan ce ke yawo haka? Da suka jefo ta ciki na ce mata ita wace irin sokuwa ce, sai ta ce ba ta ma san ta shafa ba, hannu ne ya saba. Kaico! Maigida ya fasa dutsen da muke niƙa tanakar a gabanmu, yana dariya, ya ce me za mu yi da maganin rana, mu da ba ma ganin rana.

Tsoro nake ji, Yaya, kada wasiƙar nan ta makara. Ko da kin yi wa Tun Hla alkawari, ki warware.

Ki gaishe da Inna, da Kawu Ba Shwe, da mijinki. Iccen nan kuwa, ki ba Thuzar. Ta niƙa, ta shafa, ta fita gona da tsakar rana.

Taki ƙanwa,
Mya Sein