Ƙanina Zai Tafi Mars, Ni Kuma Na San Abin da Ya Ɓoye

Ummu Jabir, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni likita ce a garin Sohar, aikina sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata. Ƙanina Talal yana cikin waɗanda aka ware don tafiya duniyar Mars, tafiyar shekaru. Gidanmu kullum baƙi, mahaifiyarmu sai zuba gahawa take tana raba alewar halwa kamar ita za a harba sararin samaniya.

Ga damuwata. Baffanmu Khalfan ya rasu ana masa aikin ƙaba, dangi suka ce kambun baka ne. Bara aka kawo mini jikarsa, ina sa mata iskar barci jikinta ya sandare, zazzaɓi ya yi sama. Da ƙyar muka ceto ta. Nan na gane ciwon gado ne, wasu magungunan barci ke tayar da shi. Gwaggonninmu suka ce in rufe bakina, wai in maganar ta fita wa zai auri 'yan matan gidan, tunda mu a dangi muke aure.

Talal ya sani, amma ya ce wa likitocin masu tafiyar babu irin wannan ciwo a danginmu. Wai ai ba a amfani da iskar barci a cikin kumbo, don kowa zai shaƙa. Gaskiya ne, sai dai yaron nan injiniya ne, karatun rabin shafi ya yi. Akwai allurar sake jiki da ke tayar da ciwon, kuma maganinsa sai an san da zaman ciwon ake tafiya da shi. Can babu asibiti, babu juyowa. Abokin tafiyarsa ne zai riƙe allurar, da horon 'yan watanni.

In na faɗa, ƙila su cire shi, ya daina yi mini magana har abada. Ni na goya shi, Ummu Jabir. Tsoro nake ji.

Yayar matafiyi, Sohar

*

'Yata, Talal ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga burinsa a kusa. Gwaggonninki ma tsoronsu ba na banza ba ne, mun san bakin mutanenmu. Amma duk cikinku ke kaɗai kika ga ciwon nan da idonki.

Kada ki fara da zagaye shi. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban Mama ba, ki nemi ya yi gwaji. Ba kowa ke gado ba, yana iya fita lafiya lau. In kuma yana da shi, likitocinsu ne za su duba ko a canja magungunan da za a ɗauka ko a bar shi a ƙasa. Ba zan yi miki alkawarin za su bar shi ya tafi ba.

Ki sa masa rana. In ta wuce bai faɗa ba, ki gaya masa a fuskarsa cewa ke za ki faɗa, sannan ki faɗa. Sirrin likita zai kare 'yan matan, su ma ki kai su gwaji, don wata rana za su shiga ɗakin haihuwa.

Ki kuma tuna masa da wanda zai yi masa allurar. In abin ya faru, bawan Allan nan zai yi watanni a ɗaki ɗaya da gawar abokinsa, yana zaton shi ya kashe shi. Talal ba shi da ikon ɗora wa kowa wannan.

Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Mai fushi yana nan da ransa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare shi duk inda ya sa ƙafa.

Ummu Jabir