Gyambon da ke Bayan Inna

Madam Rhoda,

"Mace ɗaya za mu ba Inna ta riƙa kula da ita, ba za mu canza ta ba." Haka kika ce mini a ofishinki na Sabon Gari, kina riƙe da hannuna.

Ina gaisuwa. Ya su Felix da jikoki? Ni lafiya lau, sai gwiwa da ba ta shiri da sanyin Ingila.

Ƙanwata Raudha ta je Rijiyar Lemo, ta ɗaga rigar Inna ta tarar da gyambo a bayanta. Ashe kullum sabuwar fuska kike turowa. Na faɗa miki Inna ba ta buɗe jikinta gaban baƙuwa. Sai ta ce, "Bar shi, 'yar nan, na yi wanka," su kuma su yarda. Matar da ba ta iya juyawa da kanta, da wane hannu ta yi wankan?

Ina nan ina juya iyayen wasu, ina shafa musu mai, tawa uwar tana kwance a gefe ɗaya. Wannan laifina ne, ba naki ba.

Kafin Juma'a ki kai mata likita, ki tsayar mata da mace ɗaya. In ba haka ba, zan kai ƙararki hukuma, in ajiye aikin nan in dawo gida, abin da ya kamata in yi tun ranar da ta faɗi.

Allah ya ba Inna lafiya.

Ummakulsum