Jan Biro a Kan Wasiƙata

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin isa gida lafiya.

Kin ce tunda bakina ba ya buɗuwa in kin zauna a gefen gadona, in riƙa rubuto miki, kuma daga ni sai ke. To ga shi, amma don Allah kada ki karanta a gabana.

Fararen ƙwayoyin nan na ciwon ƙoda, yau kwana tara ban sha ba. In nas ta juya baya sai in cusa su cikin littafin soyayyar da ke ƙarƙashin filona. Su ke kumbura min fuska, Anti. Ranar Lahadi 'yar ƙanwar Mama ta zo dubiya, ta ce na koma balan-balan. Kowa ya yi dariya, har da ni. Na karanta littafi ya fi arba'in, ban taɓa cin karo da wadda aka so da kumatu irin nawa ba. Ba wai akwai wani ba ne fa. Ko da za a samu ne wata rana.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki ta gadon taga

*

Anti,

Ina gaisuwa.

Jiya an kwashe littattafaina duka. Mama ta zazzage su a kan zanin gado, tana tsintar ƙwayoyin tana kuka. Yanzu nas sai na buɗe baki na ɗaga harshe take tafiya, kuma duk 'yan ɗakin suna kallo.

Da kika zo da safe na juya wa bango fuska, sai kika manta fayil ɗinki a kan kujera. Na buɗe, ki yafe ni. Na ga wasiƙata, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin "daga ni sai ke". A gefe an rubuta: "Me ya sa kika yi mata wannan alkawari?" Ba rubutunki ba ne.

Mutum nawa suka karanta zancen kumatuna?

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya jiki?

Mutum ɗaya ce, Babbar Likitar sashenmu na kula da tunanin yara. Ni har yanzu koyo nake a hannunta. Duk ranar Alhamis nake kai mata abin da na yi da kowane yaro, ta duba, ta gyara min. Taki ban jira Alhamis ba. Ina karantawa a matattakalar bene na juya da gudu, don ƙodarki ba za ta iya jira ba.

Ya kamata tun ranar farko in gaya miki akwai maganar da ba ni da ikon riƙewa. Na ji tsoron in na faɗa ba za ki rubuta ba, sai na yi shiru. Ko yau aka maimaita, zan kai mata. Ban san yadda zan gyara sauran ba, wallahi ban sani ba.

Ki rubuto, ko zagina ne.
Antinki

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan samun sauƙi. Ni ce mai jan biron.

Antinki ta yi kuskure wajen alkawari, ba ta yi kuskure wajen kawo min ba. Laifin nawa ne ma, da na tura ta gare ki ban tambaye ta abin da za ta fara faɗa ba. Ba zan ɓoye miki ba: duk abin da kika rubuta mata nan gaba, zan iya gani. Na roƙi mahaifiyarki ta mayar miki da littattafanki. Ta ce tukuna.

Allah ya ƙara lafiya.
Babbar Likita

*

Zuwa ga Anti da Babbar Likita,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya aiki?

Ina shan magani. Ina cin abinci. Likita ya ce gwajin wannan makon ya fi na baya kyau, Mama ta ji daɗi.

Ba ni da wata damuwa.

Na gode.
Mai gado na huɗu