Auta da Kwamfutar Mai Kemis

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Yaya? Ki gaishe ta, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma kalau, in ban da gwiwar nan.

Na ga saƙonki, kina roƙon in yi wa Auta haƙuri. Da alama bai gaya miki abin da ya aikata ba.

Mai kemis ta kusa da shagonmu na gyaran kwamfuta ta kawo kwamfutarta, wai tana nauyi, a ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da ke ƙara mata sauri. Na bar masa aikin na tafi asibiti. Babban allon injin nan tsoho ne, ram ɗin da yake karɓa daban, kuma ba ya ɗaukar fiye da giga huɗu. Ɗanki ya ɗauko sabon samfuri mai giga takwas. Kowane ram yana da 'yar tsaga a ƙasa, maƙera sun yi ta ne don kada wawa ya cusa shi a gurbin da ba nasa ba. Ba su san da Auta ba. Da abin ya ƙi shiga, sai ya sa zarto ya faɗaɗa tsagar, ya danna, ya kunna. Na dawo na tarar da ƙauri har bakin titi.

A gaban matar na tambaye shi mega nawa ke cikin giga ɗaya. Ya ce ɗari. Rabin rayuwata ina koyar da lissafi kafin a sallame ni, 'ya'yan wasu sun haddace dubu da ashirin da huɗu, nawa ya ce ɗari. Ita ta sunkuyar da kai don kunya. Ni dariya na yi.

Kin ce yaro ne. Yaro da gemu da 'ya'ya biyu? Kin ce shagon ne abincinsu. Na sani sarai. Jiya na canza kwaɗo, na bar wa mai kemis wurin ta faɗaɗa nata, a madadin injinta. Yau da safe Auta ya zo ya daɗe yana murɗa makullinsa. Ina tsallaken titi ina shan shayi, ban kira shi ba.

Ya ce zai zo wurinki. Ki tanadi zanen share hawaye, aikinki ne tun yana goye.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Tsohon Malami