Hular Inna a Kasuwar Suleja

Unguwar Wambai, Suleja
4 ga Maris

Ƙanena Siddiq,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya zaman Guangzhou? Yara suna gaishe ka. Da hannu na rubuta na ɗauki hoto na turo, don in na kira ka kuka zai hana ni magana.

Ranar Lahadi na shiga kasuwa kai huluna, sai na ga wasu an zube su a tabarma kamar tumatir. Siddiq, aikin marigayiya Inna ne a jikinsu! Zanen nan mai ƙafar kaza da ta koya mini, wanda nake shafe wata guda ina ɗinkawa. Inji ne ya buga su a ƙasar Sin, kuɗin tawa ɗaya ya sayi takwas. Na tsaya kamar an dasa ni. Mai shagon da nake kai wa ya mayar mini da nawa, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu ba mai tambayar na hannu."

Mu mata sittin da uku mun kafa ƙungiyar masu ɗinkin hannu, har daga Izom da Lambata. Alheri mai saƙa ma ta kawo matan cocinsu. Alhaji Bamalli, babban dillalin hula, shi muka sa a gaba saboda ya san ofisoshi, zai kai kokenmu Abuja. Tunda kana yi wa 'yan kasuwa tafinta a can, ka bincika mana wace masana'anta ce, kuma wa ya ba su zanen.

Allah ya tsare.
Yayarka, Lauratu

Guangzhou
12 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya kawo mafita. Masana'antu a nan sun fi dubu, bincike zai yi wuya. Gaskiya, Yaya, duniya ta canza, kaya ba su da iyaka yanzu. Ki bar maganar koken nan, zan turo miki keken ɗinki na zamani. A gaida yara.

Ƙanenki, Siddiq

Suleja
20 ga Maris

Siddiq,

Sallama da gaisuwa. Ba keke na tambaye ka ba.

Na sayi hular guda ɗaya don mu nuna wa 'yan jarida. Jiya ina juya ta a hannu, sai na ga a layi na uku an tsallake gidan ɗinki biyu, ƙafar kazar ta karkace. Na koma kasuwa na duba ashirin, duk haka suke. Inna ba ta taɓa yin wannan kuskure ba sai sau ɗaya, lokacin da idonta ya fara yana, a hular ƙarshe da ta ɗinka. Ni na zura mata zare a allura. Ta ce a bar shi haka, ɗanta ba zai ƙi ba. Ranar da za ka tafi ta sa maka ita a ka.

Ina hularka?

Lauratu

Guangzhou
29 ga Maris

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Kwana tara ina rubutawa ina gogewa.

Ni ne. Bara wani ɗan kasuwa ya zo daga gida, na raka shi masana'anta. Ya ga hular a kaina, ya ce in ba su aro su gwada samfur. Na ce ta mahaifiyata ce. Ya yi dariya ya ce, "To ai sunanta za mu ɗaukaka." Na cire na miƙa. Suka warware ta gida-gida don injin ya karanta, ba su dawo mini da ko zare ɗaya ba. Wallahi na ɗauka Legas za a kai, ban yi tunanin ƙofar gidanki za su sauka ba.

Ɗan kasuwar nan Alhaji Bamalli ne. Kayan nasa ne, da sunan surukinsa yake shigo da su. Wata kwantenar tana kan ruwa, kuma ya turo hotunan saƙar Alheri a fara bugawa. Kokenku ba zai bar aljihunsa ba. Ga hoton takardar odar da sa hannunsa, ga nawa a ƙasa a matsayin tafinta.

Ki yafe mini, ko don Inna.

Ƙanenki, Siddiq

Suleja
3 ga Afrilu

Siddiq,

Wa alaikas salam. Na karanta wasiƙarka a taro, Alhaji yana zaune a kujerar gaba. Alheri ta zame ƙasa ta riƙe kai. Shi kuwa ya fita ko takalmi bai gama sawa ba. Mun sake rubuta koken, ranar Litinin mu da kanmu za mu shiga mota mu kai shi Abuja.

Wata ta ce in rufe sunanka da yatsa in 'yan jarida sun zo ɗaukar hoton takardar odar. Ban rufe ba.

Lauyan da ke taimaka mana ya ce takarda ba ta isa ba, sai mai shaida ya tsaya da ƙafarsa. Za a saurare mu ranar sha bakwai ga Mayu. Maganar yafiya, ka zo ka yi ta a tsakar gidan nan.

Allah ya kawo ka lafiya.
Lauratu