Takardar Ramar da Ka Yaba a Rediyo

Anka, Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hafsatu da ɗanmu Umaru. Allah ya tsare ku a can Malesiya, ya sa a gama karatu lafiya. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana taka ta zuwa zaure ba sanda. Gero ya yi kyau a gonakin kusa da gari, na nesa kuwa ba wanda ya yi gigin zuwa bana, ka san dalili. Goggo ta zo daga Gummi ta yi mana kwana huɗu, ta koma lafiya.

Na zauna na rubuto maka da hannuna ne saboda in muka yi waya kai kaɗai ke magana, ka yi ta jero mini bayani rabi da Turanci har layi ya yanke. Yau sai ka saurare ni har ƙarshe. Raina a ɓace yake, Abdussamad, kuma da kai ya ɓaci.

Ka tuna hutun da ka zo shekara biyu da suka wuce. Ka bi Kawu Makau fadama, ya nuna maka yadda yake jiƙa rama, da kwanakin da take yi a ruwa kafin ɓawon ya saki, da yadda ake sule zaren ba tare da ya tsinke ba. Ka tafi da dami biyu. Ka ce mini kana bincike ne a kan yadda za a mayar da zaren takarda, a haɗa shi da wani sinadari mai kama da danƙo, ta yadda in ruwa ya bi ta cikinta za ta kama dalmar da ke ciki. Ba wanda ya kai ni murna. Shekarata goma sha biyu ina ɗibar jinin yara a asibiti saboda gubar dalma, na san iyayen da suka binne uku a damina ɗaya. Bara ka aiko mini da 'yan takardun, ka rubuto da hannunka cewa na gwaji ne kawai. Ka ce da ruwan da kuka haɗa da kanku a ɗakin gwaje-gwaje aka gwada su, ba da ruwan rijiya ba, kuma bayan 'yan kofuna takardar ta ƙoshi, ba ta ƙara kama komai. Wasiƙar tana nan cikin akwatina.

To, me ya hana ka faɗi haka a rediyo? Ranar da aka sa hirarka cikin azumi, Inna ta aika aka kira maƙwabta, tsakar gida ya cika. Mai tambaya ya ce maka ko ke nan an samu maganin dalma, ka yi 'yar dariya, ka ce da yardar Allah ramar garinmu ta kashe wannan magana. Ba ka ambaci gwaji ba, ba ka ambaci kofuna ba. Mata suka yi ta guɗa, ni kuwa ina zaune ina tuna wasiƙarka.

Ba a yi mako biyu ba sai ga abin da ake kira takardar Dakta, wai taka, a kasuwar Anka da ta Bukkuyum. Takardar buhun siminti ce wasu marasa tsoron Allah suke yankawa, su jiƙa, su shanya ta yi kaushi kamar taka. A nan ni ma ina da laifi, ba zan ɓoye ba. Na ba Kawu guda ɗaya don ya ga abin da ramarsa ta zama, shi kuma don jin daɗi ya riƙa nuna wa duk wanda ya zo. Ta haka suka san kamanninta.

Amma ko da taka ce ta gaske a bakin kowace randa, ka fi ni sanin cewa ba ta ruwa dalma ta fi shiga jikin yaranmu ba. Ta garin dutsen zinariya ne da ake dakawa a cikin gida. Yaro ya yi rarrafe a kai, ya kai hannu baki, shi ke nan. Shekaru aka ɗauka ana kwashe ƙasar gidaje a Abare da ƙauyukan kewaye, ana roƙon maza su fitar da daka da niƙa bayan gari. Da ƙyar suka yarda. Yanzu kuma bayan gari ya zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, kowa na neman hujjar da zai dawo da aikinsa gida. Kai ka miƙa musu ita, da muryarka, da sunan gidanmu.

Namadi, mijin Zubaida 'yar Kawu Makau, yana cikin na farko da suka dawo da dutse tsakar gida. Zubaida ta yi ƙorafi, ya ce mata ɗan'uwanta ne ya faɗa da bakinsa, ko ta fi Dakta ilimi ne. Sai ta ɗaura takardar kasuwa a bakin randa. Sau biyu ranar gwajin jinin 'yarsu Surayya tana wucewa ba su kawo ta ba. Priscilla abokiyar aikina ta hau babur har ƙauyensu, a wannan hanya da ka san halinta, don ta ji dalili. Namadi ya tsayar da ita a ƙofar gida, ya ce mata su yanzu sun huta da tsirar allura.

Ranar wata Talata da hantsi aka kawo Surayya tana jijjiga, idonta ya kafe. Ni na ɗebi jinin, Priscilla ta riƙe mini hannun yarinyar. Dalmar da ke jikinta ta wuce iyakar abin da na'urarmu take iya karantawa. Kwana goma sha tara tana kwance ana ba ta magani. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu. Sai dai yarinyar da ka gani a hoto tana gudu bayan awaki, yau ba ta tsayawa da ƙafarta, kuma in an kira sunanta ba ta waiwayowa. Shekararta biyu da wata huɗu. Bayan ita mun kwantar da yara shida daga unguwa ɗaya, kuma duk gidajen akwai takarda a bakin randa.

Kawu Makau, da tsufansa, ya ɗauki sanda ya bi gida gida yana sallama, yana cire takardun da hannunsa. Yana ce musu shi ya shuka ramar, shi ya jiƙa ta, kuma iyakar abin da zai iya rantsewa a kai shi ne tana yin igiya. Wasu sun ji, wasu sun ce hassada yake yi wa ɗan ƙanwarsa. Har akwai wanda ya ture shi ya faɗi a ƙofar gida. Ba su yarda da shi ba, ba su yarda da ni ba, domin ba muryarmu suka ji a rediyo ba.

Da na kira ka na faɗa maka, abin da ka iya ce mini shi ne 'yan rediyo sun datse maganarka, kuma dole bincike ya yi suna kafin jami'a ta bari a ci gaba da shi. Priscilla ta naɗi hirar a wayarta, na saurara sau uku. Ban ji inda aka datse ba, na dai ji inda ka yi dariya. Ni na goye ka, na san muryarka in kana jin daɗin yabo. Sunan da kake nema kuwa ka same shi, ana ambatonsa kullum a ɗakin da muke kwantar da yara.

Ban ce ka bar bincikenka ba. Ka ci gaba, wataƙila wata rana ya yi amfani, kuma ranar ni zan fara kai shi ƙauye. Abin da nake so yanzu shi ne ka naɗi muryarka a cikin makon nan, da Hausar da Inna ta koya maka, ba wadda ka yi a rediyo ba. Ka faɗi sunanka da na mahaifinmu. Ka ce takardar ba ta gama gwaji ba, ta kasuwa kuma ƙarya ce. Ka ce a fitar da dutse daga gidaje, a kawo yara gwajin jini. Ka ce ka yi kuskure, da wannan kalmar, kada ka zagaye ta. Na yi magana da liman da mai unguwa, za a sa a lasifika bayan sallar Juma'a, ni kuma zan bi kasuwanni da ita. Sannan ka nemi gidan rediyon su ba ka fili ka gyara abin da ka ɓata. In ba ka yi ba, zan ɗauki wasiƙarka ta bara in karanta ta da kaina a bainar jama'a, kowa ya ji abin da ka sani tun kafin ka buɗe baki.

Inna tana gaishe ka, ta ce a gaida Hafsatu, a shafa mata kan Umaru. Tun abin nan ba ta fita suna ko biki. Goggo ta bar maka gaisuwa. Kawu Makau ban tambaye shi ba, shi ma bai ba ni saƙon gaisuwa ba. Zubaida kuwa ta ce lallai in gaishe ka da kyau. Ba ta zage ka ba, ko sau ɗaya ban ji ta ambace ka da mugun baki ba. Ta dai roƙe ni in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimi a cikinmu, ko Surayya za ta sake tafiya. Na ce mata zan tambaye ka. To, na tambaye ka.

Allah ya shirye mu baki ɗaya. Wassalam.

Yayarka,
Saudatu