Gishirin Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Ni dai ga ni nan. Ɗinkin wuyan ya warke, amma likita ya ce bayan cire maƙoƙon akwai ragowar ciwon dajin, sai na haɗiyi wata ƙwayar aidin mai ƙone shi. Kafin nan mako biyu ba gishiri mai aidin, ba kifi, ba madara, ba ƙwai. Wai sai jiki ya ji yunwar aidin, cutar za ta wawuri maganin. An kuma tsayar da ƙwayoyin da nake sha kullum, shi ya sa nake kumbure kamar balan-balan, ga sanyi, ga kasala. Tsefe kai ma sai na huta a tsakani. Jaririyar da na yaye dole saboda maganin nan har yanzu laluben rigata take.

Inna ta zo jinya, ta ƙwace kicin. Na ba ta gishirin da aka yarda na ci, marar aidin. Hannun tsohuwar nan sai Allah, miyarta kaɗai ke shiga bakina.

Ki saka ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. An ɗaga ranar maganin.

Jiya ina yaba girkin Inna, sai ta yi murmushi, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ƙullin gishiri. Nata ne, mai aidin, daga gida ta taho da shi. Kin tuna lokacin da wuyanki ya fara kumbura kina yarinya, ma'aikatan lafiya suka ce ta riƙa sa shi a abinci? Ta ce da shi ta raba ki da maƙoƙo, ba za ta zuba ido a hana autarta maganin wuya ba. Tun ranar da ta iso take barbaɗa mini a ɓoye.

Wallahi ko faɗa ban iya ba, ƙarfin babu. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana. Da na faɗa wa likita ya dafe kai, ya ce a sake mako biyun daga farko, kuma ɗakin asibiti da ake keɓe mu masu haɗiyar ƙwayar ya cika sai wata mai zuwa. Na gaji, Yaya. Na gaji ƙwarai.

Inna ba ta san abin da ya faru ba, kuma kada ta ji daga bakinki. Ki aiko a ɗauke ta, ki ce ƙafar ta tashi kina buƙatarta. Ki yi sauri, don yanzu haka tana kicin tana ɗora mini miya, ni kuwa ban san da wane baki zan ce mata na ƙoshi ba.

Taki,
Auta